Tabarau Mai Tace Ƙyalli: Aikinsa, Iyakarsa, da Yadda Ake Gwada Shi a Kasuwar Mokolo

Duk wanda ya yi tuƙi a Yawunde cikin damina ya san abin da kwalta ke yi wa ido. Daga Maris zuwa Yuni, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba, sau da yawa hadari kan haɗu bayan azahar, a tafka ruwa, jim kaɗan gari ya washe, rana ta leƙo da sauran ƙarfinta. A lokacin nan titi ba ya zama baƙi. Fari fat yake komawa, yana sheƙi, ramin da ke gabanka da layin da aka ja a tsakiyar hanya duk su ɓace cikin haske. Direban tasi ya ƙanƙance ido, ɗan bensikin, wato mai babur na haya, ya saki hannu ɗaya ya kare goshi, mai tafiya a ƙasa ya sunkuyar da kai. Wannan hasken da ke tasowa daga ƙasa ya soki ido shi ne ƙyalli, kuma dominsa aka ƙera tabarau ɗin nan da za ka ga an manna masa 'yar takarda mai rubutun Polarized.

Samunsa ba wuya. Masu talla na yawo da shi a jikin allo tun daga bakin kasuwar Mokolo har cikin Briqueterie, ga kuma shagunan masu yanka gilashin ido a cikin gari. Na ƙwarai da na bogi a jere suke, takardar da ke jikinsu iri ɗaya. Abin da ke damuna shi ne yadda mai saye da mai sayarwa ke cakuɗa abu uku wuri guda. Duhun gilashi daban, kariya daga hasken UV mai lahanta ido daban, tace ƙyalli daban. Tabarau na iya samun ɗaya ya rasa biyu. Wanda ya iya rarrabe ukun nan ba a cutarsa a ciniki, shi ma ba ya cutar da idonsa.

Me ya raba ƙyalli da sauran haske?

Ɗaure igiyar shanya a jikin ƙusa, ka ja ta ta miƙe, sannan ka kaɗa hannunka sama da ƙasa. Za ka ga motsin ya bi igiyar ya tafi, yana hawa yana sauka: wannan kaɗawa ce a tsaye. Ka kaɗa hagu da dama, motsin zai tafi dai, amma a kwance. Haske ma haka yake tafiya, yana kaɗawa a gicciye da hanyar da ya dosa. Wanda ke fitowa daga rana gauraye yake, akwai mai kaɗawa a tsaye, akwai a kwance, akwai a karkace, babu wanda ya rinjayi wani. Idon ɗan Adam ba ya bambanta su, duk haske yake gani.

Labari na canzawa ne idan hasken ya sauka a kan shimfiɗaɗɗen abu mai santsi wanda ba ƙarfe ba: ruwa, jiƙaƙƙiyar kwalta, gilashi, fentin mota, tayil. Ɓangaren da ke kaɗawa a tsaye ya fi samun hanyar kutsawa ciki. Mai kaɗawa a kwance, wato daidai da shimfiɗar abin, shi ya fi yin tsalle ya dawo sama. Saboda haka ƙyallin da ke tasowa daga titi ba gauraye yake ba, akasarinsa a kwance yake kaɗawa. Nan asirin yake. Tunda ƙyalli na da alamar da ta ware shi daga sauran haske, ana iya tsame shi a bar saura.

Wani injiniyan sojan Faransa, Étienne-Louis Malus, shi ya fara lura da haka a 1808, yana kallon hasken yamma da tagogin fadar Luxembourg ta birnin Faris ke maidowa, ta cikin wani dutse mai garai-garai da yake jujjuyawa a hannu. A 1815 David Brewster, mutumin Sikotilan, ya fitar da lissafin kusurwar da abin ya fi tsananta. Ga ruwa, idan haske ya sauka a karkace da kimanin digiri 53 daga tsaye, wato digiri 37 daga fuskar ruwan, abin da ya dawo kusan duka a kwance yake. Ga gilashi kusurwar ta kai wajen digiri 56.

Wannan lissafin yana da fassara a agogon Yawunde. Garin na ƙasa da digiri 4 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana na fitowa wajen ƙarfe shida, ta faɗi wajen shida, duk shekara, tana hawa kimanin digiri 15 a kowace awa. Ke nan takan kai tsayin digiri 37 da hantsi, tsakanin takwas da rabi da tara, ta sake saukowa wannan tsayin da la'asar, tsakanin uku da rabi da huɗu. A waɗannan lokutan, da awa guda kafinsu ko bayansu, tabarau mai tace ƙyalli ke nuna bajintarsa. Da tsakar rana, ga mai kallon ruwa daga sama kai tsaye, bambancin kaɗan ne, don ruwa ba ya maido fiye da kashi 2 cikin 100 na hasken da ya sauko masa a tsaye.

Abin da ke cikin gilashin

Matatar ba ta wuce wata siririyar leda ba. Edwin Land, Ba'amurke da aka haifa a 1909, ya ajiye karatu a Jami'ar Harvard yana saurayi don ya nemo hanyar yin ta da araha. Ya nemi rajistar fasaharsa ta farko a 1929, ya kafa kamfanin Polaroid a 1937, a 1938 kuma ya fito da samfurin da har yau ake bin tsarinsa. Ana ɗauko leda mai suna PVA, a ɗumama ta, a ja ta ta fuska ɗaya. Ƙwayoyin da suka haɗa ta dogaye ne, jan da aka yi sai ya sa su miƙe su jeru. Daga nan a tsoma ta a ruwan aidin, sinadarin nan da ake shafa wa rauni, aidin ɗin ya kama jikin jerin. Duk hasken da ya zo yana kaɗawa daidai da tsawon jerin, ledar na shanye shi. Wanda ya zo a gicciye yana wucewa.

A tabarau, a kwance ake ɗora jerin. Ƙyallin titi ya iso a kwance, ya mutu a cikin ledar. Hasken da ke ɗauke da siffar rami, da launin mota, da fuskar mai tsallaka titi, gauraye yake, don haka rabinsa na wucewa ya isa ido. Ita ledar ba ta da ƙwari, shi ya sa ake dafe ta tsakanin ɓawo biyu: a masu araha roba ce mai laushi da ake rubutawa TAC, a masu tsada kuma roba mai tauri ko gilashi na gaske.

Kwatanta wannan da baƙin tabarau na yau da kullum. Shi komai yake ragewa daidai wa daida. In ƙyalli ya ninka hasken titi sau goma kafin ka sa shi, bayan ka sa ma sau goma ɗin ne, sai dai duka biyun sun dushe. Idonka ya ɗan huta, amma ramin na nan a ɓoye. Mai tacewa kuwa ƙyallin yake zaɓa ya danne, shi ya sa wanda ya fara sa shi kan ce gari ya yi masa tas, ganye ya ƙara kore, sama ta ƙara shuɗi.

Sharaɗinsa ɗaya: kai ya tsaya daidai. Ka karkata kai digiri 45, rabin ƙyallin ya dawo. Ka kwantar da shi gaba ɗaya, duk ya dawo.

Waɗanda kuɗinsu ba zai tafi a banza ba

Na farko direba, musamman na doguwar hanya. Mai bin titin Duwala ta Edea, ko mai haurawa Ngaundere ta Bertuwa da Garwa-Bulai da Maiganga, awoyi yake yi yana kallon kwalta, da bayan motocin gabansa, da murfin injin motarsa. Gilashin baya da rufin motar da ke gaba duk ƙyalli suke jefowa a kwance, kuma a cunkoson Mokolo jere suke har iyakar gani. Akwai kuma wata fa'ida da ba kowa ya sani ba. Takardun mota, ko farin tsumma, ko kwalin da aka ajiye a gaban sitiyari, hotonsu kan fito a jikin gilashin gaba ya tsaya tsakaninka da hanya. Wannan hoton ma a kwance yake kaɗawa, kuma tabarau na goge mafi yawansa. Ga direban tasi mai wuni a titi, ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin saye. Wuni ana ƙanƙance ido yana kawo gajiya da ciwon kai, gajiyayyen direba kuwa haɗari ne ga kowa.

Na biyu mai aiki a kan ruwa. Masuntan madatsar Lagdo a kan Binuwai kusa da Garwa, da masu kwalekwale a Sanaga da Nyong, da masu kamun kifi a bakin teku a Kribi, su ne suka fi kowa cin moriyarsa, don ƙyallin na zuwa musu daga kowane gefe tun safe. Idan ya cire hasken da ke saman ruwa, sai a ga abin da ke ƙasa: dutse, kututture, igiyar koma, inuwar kifi. Amma a ruwa mai garai ne. In kogi ya ɗauko laka ya yi ja, babu gilashin da zai huda shi, saman kawai zai share maka.

Maniyyata ma su sa shi a lissafi. Farin dutse mai santsi da aka shimfiɗa a harabar masallatan Makka da Madina yana ɗaukar ido da rana, dattawa kuma su suka fi wahala. Haka wanda aka yi wa aikin yanar ido, da 'yan'uwanmu zabiya da haske ke takura wa, sai dai su likita ne zai zaɓa musu irin duhun da ya dace. Mai sa tabarau na magani ba a bar shi a baya ba: ana yanka gilashin magani mai matata a ciki, akwai kuma wanda ake maƙalawa a kan na da.

Inda ba ya aiki, da inda yake cutarwa

Nan nake so mai karatu ya natsu, don mai talla ba zai faɗa maka wannan ba.

Rana in ta yi ƙasa ta fuskance ka kai tsaye, kamar mai tuƙi yamma gab da magariba, haskenta gauraye yake. Matata ba ta da abin da za ta zaɓa, duhun gilashin kawai ke aiki. Makarin rana na mota da rage gudu su ne magani. Sabon kwanon rufi da ke walƙiya a kan tuddan Yawunde ma haka: ƙarfe tsirara yana maido haske kusan yadda ya same shi, ba ya jera shi a kwance. Gilashin shago ko na gefen bas, tunda a tsaye suke, ƙyallinsu a tsaye yake kaɗawa, sai ya bi ta matatar ya wuce abinsa. Hazo da ƙurar hunturu a arewa, nan ma kada a sa rai da yawa.

Sai fuskar waya da sauran na'urori. Galibinsu suna da irin wannan ledar a jikinsu, hasken da suke fitarwa a jere yake. In jerinsu ya gitta na tabarau, fuskar ta yi baƙi ƙirin, ko ta yi dishi-dishi. Za ka gamu da wannan a na'urar cire kuɗi, da allon famfon mai, da agogon gudu na wasu motoci da babura. Mai zama a rumfa yana tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo daga safe zuwa dare, wannan tabarau zai fi ba shi wahala da ya taimake shi, kuma kuskuren lamba ɗaya a wannan sana'a asara ce. Direba mai bin taswira a waya ya gwada tukuna: wata wayar a tsaye take gani, wata sai an kwantar da ita. Wannan dalilin ne ya sa hukumar jiragen sama ta Amurka ke shawartar matuƙa jirgi da su guje shi.

Ɗan bensikin sai ya yi wa kansa hisabi. Gaskiya ne ƙyallin jiƙaƙƙen titi na wahalar da shi fiye da kowa. Amma sheƙin nan wani lokaci gargaɗi ne. Da shi ake gane inda baƙin mai ya zube, ko inda ruwa ya kwanta a rami, ko inda laka ta yi santsi a kwana. Mai ƙafa huɗu in ya taka ya wuce, mai ƙafa biyu ƙasa zai sha. Ƙari a kan haka, in aka haɗa shi da gilashin hular kwano, sau da yawa launuka kala-kala kan fito su dame gani. Shawarata ga mai babur: lokacin rani da busasshen titi, babu laifi, ranar da aka yi ruwa, in ka sa shi, ka rage gudu fiye da yadda ka saba, kada tsabtar da kake gani ta ruɗe ka. Tabo-tabon da za ka gani a gilashin baya da na gefen mota kuwa kada su tsorata ka, sawun gashin da aka yi wa gilashin ne a masana'anta don ya yi ƙwari.

Da dare a cire shi. Mafi kyawun matata ma rabin haske take bari, ga kuma duhun da aka ƙara mata. Fitilar motar da ke tahowa gauraye take, ba za ta tace ta ba, sai dai ta ɓoye maka mai tafiya a gefen hanya. Land da kansa babban burinsa ke nan tun farko, ya magance fitilun dare, amma dabarar tasa na buƙatar a sa matata a fitilar kowace mota da gilashin kowace mota, kamfanonin motoci kuwa ba su karɓa ba. Duk wanda ya miƙo maka baƙin tabarau ya ce na tuƙin dare ne, mayar masa da kayansa.

Briqueterie unguwar teloli ce da 'yan yadi, don haka ga wata 'yar ƙarama: in za ka zaɓi shadda, cire tabarau. Sheƙinta ake saye, shi kuwa sheƙi yake kashewa, launi ma yakan sauya shi.

Babbar kuwa ita ce ta masu walda. Raina na ɓaci in na ga yaro a bakin gareji ya durƙusa kan ƙarfe da baƙin tabarau na talla a fuska. Wutar walda na fitar da UV mai ƙona fatar ido, shi ne ciwon nan da ke tayar da mutum tsakar dare yana jin kamar an zuba masa yashi, kuma tana iya yin illar da ba ta warkewa. Babu tabarau na rana, mai matata ko marar ita, da ya kai kusa da duhun gilashin walda, wanda ga waldar lantarki lambarsa kan kama daga 10 zuwa 13. Iyayen gida masu gareji, wannan amana ce a wuyanku. Haka nan ba a kallon husufin rana da shi.

Gwaji kafin ciniki

Gani ya kori ji, kuma gwajin bai fi 'yan mintuna ba. Ka ce wa mai kaya, “Ƙanena, ba ni in gwada tukuna, in ya ci gwaji ba za mu ja ciniki ba.” Mai kayan kirki ba ya ƙin wannan.

Fara da kalkuletar mai shago, ko agogon hannu mai lambobi, ko fuskar kwamfuta. Riƙe tabarau a gabanta, ka leƙa ta ido ɗaya, ka juya shi a hankali kamar sitiyari. In mai tacewa ne, akwai inda fuskar za ta yi baƙi, in ka ci gaba da juyawa ta sake washewa. In ka zagaya da shi duka ba abin da ya canza, fenti ne kawai. Waya ma na yi, amma wasu sababbin wayoyi ba sa yin baƙi sosai, launi kawai suke sauyawa, shi ya sa na fi yarda da kalkuleta.

In babu ko ɗaya, ɗauki tabarau biyu daga allon. Ɗora ɗaya a gaban ɗaya, ka duba ta cikinsu, sannan ka juya guda ya gitta ɗan'uwansa. In dukansu na gaske ne, inda suka haɗu zai toshe, kusan ba ka ganin komai. Gwargwadon baƙin da ya yi, gwargwadon kyan matatar.

Gwaji na uku ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Samun matata bai isa ba, sai an ɗora ta daidai. Nemi ƙyalli na gaske: ruwan da ya kwanta a ƙasa, ko rufin tasi da ke tsaye a rana. Riƙe tabarau yadda zai zauna a fuska. A nan ya kamata ƙyallin ya fi mutuwa, in ka karkata shi ya dawo. In sai ka karkata sannan yake mutuwa, an yanka ledar a karkace, ajiye shi. Ka yi wa idon dama, ka yi wa na hagu, ka tabbata a wuri ɗaya suke yin duhu. A kayan araha akan samu ido ɗaya ya saɓa wa ɗaya, mai shi ya wuni da jiri da ciwon kai bai san mafari ba.

Daga nan miƙa hannu da shi, ka saiti wani miƙaƙƙen abu, falwaya ko bakin ƙofa, ka motsa tabarau sama da ƙasa, hagu da dama. Layin ya zauna a miƙe. In yana lanƙwashewa ko yana rawa, gilashin ba shi da kyau, komai kyan matatarsa. Duba gefuna kuma, ko ɓawon ya fara ɗagowa ko akwai kumfa a ciki.

Wasu masu talla na riƙe da ɗan kati mai ɓoyayyen hoto, wanda ba ya fitowa sai ta cikin tabarau. Ba sihiri ba ne, ba kuma yaudara ba, yana nuna akwai matata. Iyakarsa ke nan. Bai ce komai a kan daidaiton yanka ba, bai ce komai a kan UV ba.

Maganar UV, wadda ta fi ƙyalli nauyi

Ƙyalli na damun ido ne yau, UV kuwa a hankali yake ɓarna, shekara da shekaru. Yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, yana kuma da hannu a tsokar nan da ke tsirowa daga farin ido ta doshi baƙin, wadda ta yawaita ga manoma da masunta da masu wuni a rana. Yawunde kusa take da tsakiyar duniya, ga ta a kan tudu sama da mita 700, kuma siririn gajimare ba ya tare UV. Ido ba ya ganinsa, don haka duhun gilashi ba shaida ba ne. Farin gilashi na iya tare shi duka, baƙi ƙirin na iya barinsa ya wuce. Na biyun nan ya fi zama ba tabarau muni, saboda a cikin duhu ƙwayar ido buɗewa take yi, abin da ke shiga ya ƙaru.

Abin nema shi ne mai rubutun UV400, alamar gilashin na tare UV. Amma rubutu a takarda kowa na iya bugawa, har da tambarin CE. Tabbaci na wajen masu yanka gilashin ido da ke da na'urar awo, aikin ɗan lokaci ne. In hakan bai samu ba, ga dabarar kasuwa: ari 'yar tocilan nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Haska takardar sefa a inuwa har alamominta su yi walƙiya, sannan ka sa gilashin tsakanin tocilan da kuɗin. In walƙiyar ta ɗauke, alama ce mai kyau. In tana nan, bar shi. Wannan ba ya maye gurbin na'ura, amma yana kama na bogi ƙarara.

Duba cikin hannun tabarau kuma, akwai lamba daga 0 zuwa 4 bisa ƙa'idar ISO 12312-1, mai nuna yawan hasken da ke wucewa. Lamba 2 na barin kashi 18 zuwa 43 cikin 100, ta dace da ranar gajimare irin na Yuli da Agusta. Lamba 3 na barin kashi 8 zuwa 18, ita ce ta rana sosai, kuma mafi yawan masu tace ƙyalli nan suke. Wasu kamfanoni kan rubuta musu 3P. Lamba 4 na barin kashi 3 zuwa 8 ne kawai, ba a yarda a yi tuƙi da ita ba. Wajen launi, toka-toka ya fi barin launuka yadda suke, abin da direba ke buƙata don fitilun kan hanya. Ruwan ƙasa na ƙara fito da gefunan abubuwa. Fentin madubi da ke sheƙi ta waje ba shi da alaƙa da tacewa. Gilashi mai yin duhu da kansa a rana shi ma wata fasaha ce daban, kuma galibinsa ba ya yin duhu sosai a cikin mota, don gilashin gaba ya riga ya tare UV ɗin da ke motsa shi.

Zaɓi firam mai faɗi da ke kwanciya kusa da fuska, don haske na shiga ta gefe da ta sama. Malafa ko hula mai baki na ƙara kariya. In kuɗinka na abu ɗaya ne, UV400 ne gaba. Ga yara ma shi ne abin nema, matata ba dole ba ce.

Riƙonsa

Zafi ne babban abokin gabarsa. Kada a bar shi a gaban mota a rana, ko kusa da wutar mai tsire, ɓawon zai rabu da ledar. Jar ƙurar Yawunde na da yashi a ciki, in ka goge ta a bushe da bakin riga ka kankare gilashin. Zuba masa ruwa tukuna, ɗan sabulu mai laushi, ka ɗauraye, ka tsane da tattausan ƙyalle. Turare da kananzir da fetur su yi nesa da shi. In ruwan teku ya taɓa shi, a wanke da ruwan daɗi a ranar. A ajiye shi a gidansa, ba a aljihu ɗaya da makullai ba. Ranar da ya cika da zane ko gefensa ya fara fari, aikinsa ya ƙare, zanen da kansa watsa haske yake yi.

Saura kalma ɗaya ga wanda haske ke damunsa fiye da kima. In kana ƙanƙance ido har a inuwa, ko fitilun dare sun fara yi maka zobe, ko ganinka na dushewa, ko ido na ja yana ciwo, kada ka je Mokolo neman wanda ya fi duhu. Waɗannan na iya zama alamun yanar ido ko hawan jinin ido, kuma abin da hawan jinin ido ya cinye na gani ba ya dawowa. Akwai sashen ido a Babban Asibitin Yawunde, akwai cibiyar ido ta Magrabi a Obak, a wajen gari kaɗan. Ɗan'uwa, je a auna idon tukuna, in ya so likita ya faɗa maka irin tabarau ɗin da za ka saya.